Ranar da Mai Tayil Ya Gyara wa Sarki Zama

Taku uku aka yi aka cinye Mai Tayil. Mutumin da ya tashi tun da sassafe ya yi wanka, ya sa rigar da ba ya sawa sai in za shi biki, ya shiga mota har biyu kafin ya isa babban zauren da ake gasar ces, wato darar Turawa, sai ga shi ya miƙe tun kujerar ba ta ɗauki ɗumin jikinsa ba. Ruwan robar da ya saya a bakin ƙofa don doguwar fafatawa, haka ya dawo da shi gida ko murfin bai murɗe ba.

Ga yadda abin ya faru, don yanzu har masu tallar katin waya a layin nan sun haddace shi.

Abokiyar karawarsa wata ma'aikaciyar jinya ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Shi ke da fararen 'ya'ya, don haka shi zai fara. Ya tura kurtu, ƙaramin ɗan da ke gaban sarki, gida biyu, yadda yake buɗe wasa tun ranar da ya koya. Ita ma ta turo nata gida biyu, kurata suka tsaya goshi da goshi a tsakiyar allo. Har nan babu abin da wani zai ce. Sai idonsa ya sauka a kan sarkinsa. Wanda ya jera 'ya'yan da safe ya ajiye sarkin a karkace, gindinsa na taka layin gidan maƙwabci. Mai Tayil ya kau da kai. Ya dubi doki, ya dubi fankar sama, ya dawo, sarki na nan a karkace. Bai san lokacin da yatsunsa biyu suka tafi suka ɗaga shi suka dasa shi cif a tsakiyar gidansa ba.

"Baba, kun taɓa," in ji matar.

"Zama na gyara masa, 'yata."

"Ba ku faɗa ba."

Ta ɗaga hannu, alƙalin wasa ya zo da katinsa rataye a wuya. Ya ce a gasa abin da ka taɓa shi za ka tura, sai in ka faɗi da bakinka cewa gyarawa za ka yi, tun kafin ka kai hannu. Mai Tayil ya fara bayani a tsanake, ya ce duk mai ido da ya ga yadda aka ajiye sarkin nan ba zai iya tunani ba, kuma in da a wurin aikinsa aka yi wannan jeri, da tuni an kori wanda ya yi.

"Na yarda a karkace yake, Malam," in ji alƙali. "Yanzu dai tura shi."

Ƙofa ɗaya ce buɗe gaban sarki, gidan da kurtu ya tashi daga ciki. Nan ya fito ya tsaya, ya toshe wa sarauniyarsa hanya, ya toshe wa giwarsa, ɗan da ke ɗaya gefen sarki, hanya, kamar maigidan da ya tsaya a bakin ƙofa da ɗaurin ƙirji alhali mutanen gida na son wucewa. Matar ta zaro sarauniyarta ta kai ta can gefen allo. Kunnuwan Mai Tayil sun riga sun yi zafi. Ya ga sarauniya ta fito da wuri, kuma kowa ya san maganin wannan shi ne a kore ta da doki. Ya fito da doki da ƙarfi har allon ya yi ƙara. Matar ba ta ko dubi dokin ba. Ta ɗauki sarauniya ta cinye kurtun nan na tsakiya, ta tsaya tana kallon sarki ido da ido. Ya nemi dama, nasa ne suka cika wurin. Ya nemi hagu, nasa ne. Gaba sarauniya ta tare, baya ma tana hango shi. Shi ke nan, kuma gasar kifa ɗaya ƙwala ce. Ta miƙe ta ce, "Sannu, Baba," cikin muryar da suke yi wa wanda aka gama yi wa allura.

Labari ya riga shi isowa gida, don Mai Aski, ƙanin matarsa, shi ya raka shi, kuma ranar wayarsa cike take da caji.

Wanda bai san Mai Tayil ba zai ce wauta ce. Mu da muke kwana katanga ɗaya da shi mun san ciwo ne tsoho. Ubansa magini ne, shi ya cire shi daga makaranta ya damƙa masa bokitin siminti, daga nan ya koma ɗora tayil, kuma tun da ya fara riƙe igiyar awo duniya ta zame masa layi-layi. In ya zo gaishe ka, kafin ya zauna sai ya daidaita takalman da ke bakin ƙofarka. In hoton bangonka ya karkace, yana amsa gaisuwa yana miƙe shi. Akwai asibitin da ya je duba mara lafiya, ya tsuguna yana ƙwanƙwasa tayil ɗin ƙasa da ɗan yatsa, ya ce wa mara lafiyan, "Wannan babu siminti a ƙarƙashinsa, ka yi hankali in za ka sauko." Matarsa ta daɗe da daina jera kwanuka, ta ce ba za ta yi aikin da za a sake bayanta ba. 'Ya'yansa mata kuwa, da suna ƙanana, in suna son su tsokane shi sai su karkata agogon bango kaɗan su koma gefe suna jira.

Ces ɗin ma a bakin aiki ya same shi. Wani dattijo ya ba shi aikin falo, fari da baƙi, gida-gida. Da aka gama, dattijon ya dube shi ya ce, "Ka yi mini allo, bari in koya maka abin da ake yi a kai." Daga ranar ya kamu. Shi ya kawo wasan layin nan, ya ajiye allo a shagon Mai Aski tsakanin madubi da bencin jira, kuma shi ya koya wa kowa, har da Mai Askin kansa. Sai dai wasan shago wasan shago ne. Kana iya ɗaukar doki ka riƙe shi kana sosa kunne da shi, ka mayar. Kana iya turawa ka ce "a'a, tsaya," ka dawo da abinka, in dai ba ka cika yi ba. Dokar taɓawa kowa ya ji labarinta, yadda ake jin labarin ƙanƙara a ƙasashen sanyi. A wannan shagon babu wanda ya taɓa cin Mai Tayil sau biyu a jere, don haka da ƙungiyar ces ta gari ta ba unguwa kujera ɗaya a gasarta, ba a ko yi shawara ba, aka ce shi ne.

Kujerar nan ita ce maganar. Gwiwoyinsa sun fara gajiya da tsuguno, manyan ayyuka sun koma hannun waɗanda ya koya wa, yanzu sai gyaran bayi da 'yan matakala ake kiransa. A gaban allo ne kawai har yanzu in ya yi gyaran murya ake yin shiru. Ga wata gasar na tafe, ga Mai Aski ya fara cewa, da murmushi, ai gara a tura wanda zai kai ko taku huɗu.

Sai aka shiga bita. Wasan da bai kai shan kofin shayi ba, an yi makonni ana tona shi. Kullum da yamma Mai Aski zai jera allo, ya ajiye farin sarki a karkace da gangan, ya kira duk wanda ya zo aski ya ce, "Zo ka ga buɗin yayana, sabon salo ne, ba a kawo shi ƙasar nan ba tukuna." Wani ya ce sunan buɗin Sarki Ya Fita Shan Iska. Wani ya ce a'a, Sarki Ya Ji Sallama ne, ya fito duba ko waye. Mai Tayil ya daina bi ta gaban shagon, yana zagayawa ta bayan gidan mai. Gashinsa ya taru har matarsa ta ce in ba zai je wurin ƙaninta ba, ita za ta ɗauko almakashi.

"Ba aski nake gudu ba," ya ce mata.

"Na sani, Baban yara. Amma fa ɓuya ba ta goge abin da aka gani. Ka je ka zauna su yi dariyarsu ta ƙare."

"Ba su fahimci wasan ba ne. Fitar sarki ba ita ta kashe ni ba."

"To ni kake gaya wa? Ni na ce ta kashe ka?"

Gaskiyarsa ce kuwa, ko da yake ba wanda ya so ji. Ya yi ta jera taku ukun nan a kan tabarma shi kaɗai, har ya gane abin da ya fi ƙona masa rai. Taɓa sarki hannunsa ne ya yi ba da saninsa ba, doka ta kama shi. Amma dokin, yana cikin hankalinsa ya fito da shi, don haushi, don yana so ya nuna wa matar nan cewa ba yaro ta samu ba. Da ya tsaya ya dubi abin da sarauniyarta ke nema, kurtu ɗaya zai tura ya tokare wa na tsakiya baya, wasa ya ci gaba.

Ranar da ya koma shagon, benci cike yake. Baba Direba na zaune a kujerar da ta fi laushi. Shi ne babba a cikinsu, tsohon direban bas ne, bai iya wasan sosai ba amma shi ke raba gardama, don in ya yi magana ba ya maimaitawa.

"Oyoyo, Yaya!" in ji Mai Aski, yana kaɗa tawul. "A ba sarki hanya, ya fito!"

Mai Tayil ya wuce ciki. Ya ja kujera gaban allo, ya miƙe farin sarkin da aka karkata masa, aka kwashe da dariya, ya jira ta lafa. Sa'an nan ya jera wasan tun daga farko, ya nuna musu taku na ɗaya, ya ce wannan daidai ne. Ya nuna na biyu ya ce wannan mummuna ne, ba ya musu, sarki ya rasa damar shigewa lungu bayan kuratansa, sarauniya da giwa sun toshe. Amma mummuna daban, mutuwa daban. Ya ɗaga dokin ya ce, "Ga wanda ya kashe ni. Ni na fito da shi, ba alƙali ba."

"Haba Yaya," in ji Mai Aski. "Gawa kake yi wa kwalliya. Tun da sarkin nan ya taka waje wasa ya mutu. Ko jikata ka ba baƙaƙen nan za ta gama da kai."

"Jikarka ba ta nan. Kai kana nan."

Baba Direba ya cire ɗan tsinken da ke bakinsa. Ya ce magana ta ƙare, a bar allon yadda yake, sarki a waje. Mai Aski ya ɗauki baƙaƙe tun da ya ce wasan matacce ne. In ya ci, kujerar gasa tasa ce. In bai ci ba, ko da canjaras aka yi, to wasan bai mutu ba, kujera na nan wurin mai ita. Kuma yau dokar gasa za a bi, abin da ka taɓa ka tura.

Mai Aski ya juya allon ƙofar shago ya nuna an rufe, ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, shi ma mutumin bai damu ba, ya jawo kujerarsa da tawul a wuya ya zo kallo. Mai Tayil ya zauna, ya cusa hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya danne.

"Yaya, sanyi kake ji?"

"Yi wasanka."

Mai Aski ya zaro sarauniya ya kai ta gefen allo, daidai inda ma'aikaciyar jinyar ta kai tata, har da gyara gilashin da ba shi da shi. Mai Tayil ya daɗe yana kallo. Ya zaro hannu ɗaya, ya tura kurtun da ke gaban sarauniyarsa gida ɗaya, ya tokare wa na tsakiya baya, ya mayar da hannun inda ya fito. Mai Aski ya ɗan ɓata fuska, ya fito da giwa ta tsallaka ta tsaya tana hangen kurtun da ke kusa da kunnen sarki, wanda sarauniyar ma shi take hange.

Nan ne aka ga gumi a goshin Mai Tayil. Baƙar sarauniya na nan a gefe tana yi masa gwalo, dokinsa na nan a gida, taku ɗaya zai kore ta. Kafaɗarsa ta dama har ta motsa. Ya danne ta. Ya sake duba allon gida-gida, yadda yake duba falo kafin ya zuba siminti, sai ya ga ramin: in doki ya fito, sarauniya za ta faɗa kan kurtun kunnen sarki, giwa na riƙe mata baya, a sake kashe shi a gaban mutanen layinsu. Ya bar dokin. Ya fito da tasa giwar ya dasa ta a gaban ta Mai Aski, ya datse hanyar. Mai Aski ya cinye ta, shi kuma ya rama da kurtu, kuratansa suka yi wa sarki katanga a tsakiya.

"Yanzu," ya ce, ya fito da dokin a hankali, ya ajiye shi ba ƙara.

Sarauniyar Mai Aski ta ja da baya. Ta sake dawowa ta wani gefen, aka sake korarta. Haka ta yi ta kai da kawowa kamar mai neman canji a kasuwa, sauran 'ya'yansa na gida ba wanda ya motsa, Mai Tayil kuwa kowace kora sai ya ƙara fito da ɗa guda. Amma kada a yi ƙarya, Mai Aski ba kanwar lasa ba ne a gaban allo, almajirin Mai Tayil ne, ya san inda yake ciwo. Da ya ga gaggawa ba ta yi ba, ya nutsu, ya fito da mutanensa, ya ɓoye sarkinsa a lungu, ya matsa har ya ci kurtu ɗaya a banza. Benci ya fara ƙus-ƙus. Wani ya ce kujera ta tafi.

Ana cikin haka wani baƙin soro, ɗan nan mai siffar hasumiya, ya zauna a karkace, rabinsa a gida rabinsa a layi. Ko ganganci ne ko kuskure, Mai Aski ya ce bai sani ba, har gobe. Kowa ya ga idon Mai Tayil ya je can ya manne. Ya kau da kai, ya dawo. Mai rabin aski ya toshe baki da tawul.

"Baba," in ji Mai Tayil, "a gaya wa yaron nan ya gyara soronsa."

"Soronsa ne," in ji Baba Direba. "In ya ga dama ya kwantar da shi."

Haka Mai Tayil ya yi sauran wasan da karkataccen soro a gabansa, yana kallon allon da ido ɗaya a kanne. Ya nemi musayar sarauniya, Mai Aski ya ƙi, ya sake nema ta inda ba a iya ƙi, aka yi. Da manyan 'ya'ya suka ragu, sai abin ya juya kaɗan. Sarkin Mai Aski na can lungu bayan kurata, sai ya yi tafiya kafin ya iso fili. Na Mai Tayil kuwa tun taku na biyu yake waje, ya saba da rana. Ya taka ya riga shi isa tsakiya, ya karɓo kurtun da aka ci masa, ya tsaya ƙyam gaban na Mai Aski na ƙarshe ya hana shi wucewa. Aka yi ta cin juna har allo ya koma sarki da sarki, ba mai iya yi wa wani komai.

"Canjaras," in ji Baba Direba, ya mayar da tsinkensa baki. "Kujera na wurin mai ita. Kai kuma tashi ka ƙarasa wa mutum askinsa, iyalinsa na jira."

Mai Tayil ya zaro hannun hagunsa daga ƙarƙashin cinya, ya mutu murus, sai da ya yi ta yarfa shi. Bai yi murna ba, ya fara kwashe 'ya'yan yana jera su cikin akwati. Mai Aski ya kunna injin aski, ya kashe, abin bai bar shi ba.

"A dai faɗi gaskiya, jama'a, ba ci na ya yi ba. Canjaras ne. Kuma Yaya, in ka sake haɗuwa da mai gilashin nan, don Allah ka ce mata ta bar ka ka sha ruwanka tukuna."

Aka yi dariya. Mai Tayil ya rufe akwatin, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ita ai ta san aikinta, an kai mata mara lafiya ta sallame shi nan take. Kai fa? Shekara da shekaru mutane na kawo maka kai har kujera kana askewa. Yau na kawo maka kan sarki guda, ba hula, tun la'asar kake zagaya shi, ko gashi ɗaya ba ka cire ba."